Yadda Muka Ɓace a Barnawa

Tun da na dawo daga Kaduna ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Wannan ya ce, "Malam Ishaya, wai da gaske sace ku aka yi?" Wancan ya ce, "A'a, an ce amarci suka koma ci da furfura." Na gaji da maimaita magana ɗaya, kullum ana yi mata ƙari a bayan idona, shi ya sa na ce bari in rubuta ta, wanda ya iya karatu ya karanta.

Asalin tafiyar ta matata ce, Saratu. Wata ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci muna zaune a tsakar gidanmu a Zonkwa, sai ta ce, "Baban Jummai, wai yaya Kaduna take?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ke da kika fi ni zuwa."

Ta ce, "Na san kicin ɗin Yaya a Romi. Na san na Kawu Bitrus a Trikania, har inda rufinsa yake yoyo. Na san famfon bayan gidan su Ladi a Nasarawa. Kadunar nake tambaya."

A wurinmu, matar da aka kai gidan dangin miji ba baƙuwa ba ce, "matarmu" ce. Ana yi mata maraba da baki, ana miƙa mata zanen aiki da hannu. Ni kuwa sai a kai ni falo, a kunna mini fanka, a tambaye ni labarin damina. Abincin da za a kawo mini ma, in na ɗanɗana, sai in ji hannun da na sani.

Ta ce, "So nake sau ɗaya in kwanta a gadon da ba ni na gyara ba. A kawo mini abinci in ci, in tashi in bar kwanon a nan, ko waiwaye ba zan yi ba. Kafin in mutu."

Wannan "kafin in mutu" ɗin ne ya sa na yi alkawari da sauri, ban tsaya duba abin da ke bayansa ba. Abin da ke bayansa kuwa shi ne Yaya Rifkatu. Ita ce babbar yayata, ita ta goye ni, ita ta riƙe ni a gidanta lokacin da nake karatun koyarwa. Mutum ya zo Kaduna yana da irin wannan yaya a Romi ya sauka a otal, daidai yake da ya tsaya a kasuwa ya ce ba shi da kowa. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya taɓa gwadawa, har yau in aka ambace shi sai an ƙara da "wancan na otal". Saboda haka dole Saratu ta sami hutunta, dole kuma kada Yaya ta ji. Tsakanin waɗannan biyun na yi ta zufa.

Ni malamin labarin ƙasa ne, na ɗauka zaɓen masauki ba zai ba ni wuya ba. Ashe kudancin garin Kaduna, in ka dube shi da idon mai ɓuya, gonar dangi ce. Romi ta Yaya ce. Trikania ta Kawu. Nasarawa akwai Ladi, ƙawar Saratu, wadda in ta ga abu da safe, kafin rana ta take ya kai Kafanchan. Sabon Tasha kuwa rabin garinmu can ya koma; in ka yi atishawa a bakin tasha da yarenmu za a ce maka sannu.

Na ce, "To mu haye gada mana. Arewacin kogi ba mu da kowa."

Saratu ta ce, "Hutawa na ce zan je yi, ba kwanan zaune ba."

Ban yi musu ba. Na yi shekara da shekaru ina koya wa yara cewa kogi ruwa ne mai gangarawa zuwa wani ruwan, amma na Kaduna ya ɗauki wani aikin da ba ya cikin manhaja: ya raba garin biyu, galibin Musulmi a arewa, galibin Kirista a kudu. Abokina Malam Sani da ke Kawo, a arewacin kogin, shi ma haka yake duba agogo in yamma ta same shi a wannan gefen. Kowa yana tsoron inuwar kowa.

Barnawa ce ta rage. Danginmu ba su kai can ba tukuna, kuɗin haya ya tsare mana ita. Na yi ta duba otal-otal a waya, ina karanta ƙorafin waɗanda suka taɓa kwana. Wani ya yi fushi wai ruwan zafi ba ya zubowa da ƙarfi. Mu da muke dafa namu a tukunya, na ce wannan otal ya yi mana.

Kuskuren farko a ɗakin Mama na yi shi. Mahaifiyata ta tsufa ƙwarai, amma ba a barin gari ba a yi mata sallama ba. Da na ce mata Kachia za mu, da shi ke nan. Amma bakina bai saba yi mata ƙarya ba, sai na ji ya ce, "Kaduna."

Ta ce, "Madalla! Allah ne ya kawo." Ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo ƙullin acca da wani na daddawa. "Ka kai wa Rifkatu. Hannu da hannu, ka ji ko? Kada ka ba wa yara."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a ƙin saƙo. Ana iya ƙin bashi, ana iya ƙin aure, amma ba a ƙin saƙo. Ga mu za mu ɓuya wa mutum, muna ɗauke da kayanta. Na lallashi Saratu da cewa washegarin zuwanmu in za mu dawo sai mu biya ta Romi, mu yi kamar da safen nan muka iso. A lokacin dabarar ta yi mini kyau.

Ranar Asabar da safe muka shiga motar Ɗanladi, tsohon ɗalibina, wanda bai taɓa zana taswira daidai ba amma ya san kowane rami tsakanin Zonkwa da Kaduna da sunansa. Kafin a tashi wata mai sayar da citta ta ce a rufe ido, ta yi addu'a mai tsawo, ta ambaci tayoyi, ta ambaci birki, ta ambaci "waɗancan mutanen na daji" ba tare da ta kira sunansu ba. Har wani Alhaji mai fatauci da ke gaba ya ce amin da ƙarfi. A wannan hanyar ba a tambayar addu'ar wa ce.

Bayan Kachia hira ta mutu. Kowa ya zuba wa daji ido, Ɗanladi ya taka mota. Ba mu sake jin muryar juna ba sai a shingen sojoji, inda ake tsayawa kamar an zo iyakar wata ƙasa. Wani soja ya leƙo, ya shaƙi iska, ya ja da baya.

"Baba, me ya mutu a jakar nan?"

Na ce, "Daddawa ce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ku wuce. Wannan ko 'yan bindiga ba za su tare ku ba."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi da rabin baki. Ni ban yi ba, domin mai cittar nan ta juyo tana kallona. "Kai ba ƙanin Maman Dogara ba ne, ta Romi? Cocinmu ɗaya! Sai mu sauka tare."

Yaya Rifkatu take nufi. A Kujama na raɗa wa Saratu ta kashe wayarta, ni ma na kashe tawa. Tunanina shi ne, in Yaya ta kira ba ta same mu ba, ba mu yi mata ƙarya ba ke nan. Sannan don kada mu isa Sabo, wato Sabon Tasha, da mai citta a gefe, muna kaiwa Maraban Rido na ce Ɗanladi ya tsaya.

Ya ce, "Malam, nan? Wa kuke da shi a nan?"

Na ce, "Wani aboki."

Ya dube ni ta madubi kamar yadda nake dubansa a da in ya ce littafinsa ya ɓace. Muka sauka, muka nemi wata motar zuwa cikin gari. Da muka ratsa Sabo, Saratu ta ja gyale ta rufe fuska, ni kuma na duƙa ina ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

Otal ɗin yana wani layi mai bishiyoyi, shiru kamar makaranta a lokacin hutu. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta dube mu, ta dubi jakar, ta ce, "Oga, na short time ne, na 'yan awoyi, ko na kwana?"

Kafin in haɗa amsa Saratu ta ce, "'Yata, gashin kaina bai ba ki amsa ba?"

Yarinyar ta ce, "Yi haƙuri, Mommy," ta miƙo makulli da hannu biyu.

Ɗakin ya yi kyau, ban da abin cewa. Gado fari fat, na'urar sanyi tana huci, waya a gefen gado wadda in ka ɗaga wani zai zo. Matsalar ita ce Saratu. Ban gama ajiye jaka ba na ga ta kama gefen zanen gado tana ja tana daidaitawa. Ta shiga banɗaki, ta fito tana cewa ba a cuɗa kusurwa da kyau ba, ko akwai burushi? Na kama hannunta na zaunar da ita.

"Maman Jummai, an biya wasu su yi wannan."

Ta zauna a bakin gado, hannuwanta a cinya, kamar wadda aka kawo asibiti. Ta ce, "To yanzu me ake yi?"

Na ce, "Ba a yin komai. Shi ne abin da muka zo yi."

Daddawar kuwa na sa ta a kabad, ta fito. Na kai ta banɗaki, ta biyo mu. A ƙarshe na rataye ta a wajen taga.

Sai batun abincin rana, wanda shi ne zuciyar alkawarin. Masu tuwo na bakin titi ba su shiga lissafi ba, domin duk inda ake tuwo mai kyau a kudancin garin Kaduna, wata 'yar garinmu ce a bakin tukunya. Abincin otal ɗin kuma Saratu ta ƙi, wai ba ta zo Kaduna don ta ci abinci a ɗaki kamar mai jego ba. Ta kuma kafa sharaɗi: kada ya zama abin da ta iya dafawa, in ba haka ba ba za ta ci ba, gyara za ta yi ta yi a ranta. Mai gadin otal ya kwatanta mana wani lambu a bayan layi inda ake gasa kifi. Muka tafi a ƙafa, ina gaba ina leƙa kowace kwana.

Na zaɓi teburin da ke can ƙurya, na zauna ina fuskantar ƙofa. Duk macen da ta shigo da ɗaurin ɗankwali mai tsayi sai in sunkuyar da kai. A gida, wanda ya dafa ba ya tambayarka me kake so, abin da ke tukunya shi ne ra'ayinka. A nan kuwa sai da aka tambayi Saratu wane kifi, yaji nawa, da dankali ko da ayaba. Ta yi ta kallona kafin kowace amsa, na yi ta kallon ƙofa.

Da kifin ya iso, ya cika faranti har wutsiya ta leƙo waje. Saratu ta yi addu'a, ta wanke hannu a ruwan da wani ya riƙe mata. Ta kai loma ɗaya, ta rufe ido. Sai ta ce, "Bari in ɗauki hotonsa. Ba don kowa ba, don ni." Ta kunna waya.

Wayar ta fara kuka, ba ta daina ba. Saƙo a kan saƙo. Na ga fuskar Saratu ta canja, ta miƙo mini. A dandalin danginmu na waya ga hotonmu nan, ni da ita, wanda aka ɗauka a bikin Jummai, an rubuta a ƙasa: a taya mu addu'a, ba a san inda suke ba. Ga muryar Jummai, 'yarmu, tana kuka har ba a jin abin da take cewa.

Abin da ya faru a bayyane yake, ni kaɗai ne ban hango shi ba. Mama ta sa an kira mata Yaya don ta ji ko daddawa ta isa. Yaya ta kira mu, wayoyi biyu a kashe. Ta kira Ɗanladi, ya ce ya sauke mu a Maraban Rido wurin wani abokin da ba wanda ya taɓa jin labarinsa. A wata ƙasar, mutum ya kashe waya hutawa yake yi. A hanyar Kachia, ma'anarsa ɗaya ce.

Ina riƙe da wayar ta sake ƙara. Yaya ce. Na dubi Saratu, ta dubi kifinta. Na ɗaga.

"Saratu! Saratu, kina ji na? Sun taɓa ku? Ba su wayar in yi magana da su!"

Na ce, "Yaya, ni ne. Lafiya muke."

"Ishaya! Yesu na gode! Kuna ina? A daji?"

Na ce, "A Barnawa."

Na ji waƙar matan zumuntar cocinsu a bayanta tana raguwa, kamar ana rage rediyo.

"Barnawa suka kai ku?"

"Mu muka kai kanmu. Muna cin kifi."

Ta tambayi kwatance da wata murya da rabona da jinta tun ina aji uku. Na ba ta. Saratu ta kira Jummai ta kwantar mata da hankali, sannan ta ture farantin gefe. Ta ce, "Shi ke nan. Je ka ɗauko jakarmu. Yau sai Romi." Ta fara tattara ƙayar kifi a gefe ɗaya, tana jera faranti a kan faranti yadda ake yi in za a kai wanki. Wannan ya fi zagin da nake jira ciwo.

Yaya ta sauko daga Keke Napep da takalmi wari daban-daban, idanunta sun kumbura. Ta rungume Saratu, ta shafa fuskarta, ta shafa tawa, sannan ta kai mini duka a kafaɗa da jakarta, a gaban masu cin kifi.

"Mama tana can tana kuka! Mata sun cika mini falo tun rana! Baban Dogara da ciwon gwiwarsa ya tafi wurin 'yan sanda! Me na yi maka, Ishaya? Gidana ya yi maka ƙanƙanta? Ko wari yake yi?"

Na buɗe baki in kawo bayani mai sassa uku, Saratu ta riga ni.

"Yaya, ba shi ba ne. Ni ce. Gidanki ba abin da ya yi. So nake in ci abincin da ban dafa ba, in bar kwano ban wanke ba. Sau ɗaya. In na zo Romi ba zan iya zama ina kallonki kina aiki ba, ke ma ba za ki ce in zauna ba."

Ban taɓa jin Saratu ta yi wa Yaya magana mai tsawon haka ba. Yaya ta dube ta, ta dubi farantan da aka jera, ta ja kujera ta zauna. Ta kira gida ta ce an gan mu, kowa ya yi godiya, a aika a dawo da Baban Dogara. Ta sa hannu ta ɓalli kifin da ya huce, ta tauna a hankali.

Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Ta sake ɓalla. "Mu je in ga ɗakin da ya fi gidana."

Muka tafi, ni a baya kamar ɗalibin da za a kai ofishin shugaban makaranta. Ta shiga ɗakin, ta danna katifa da tafin hannu, ta tsaya a gaban na'urar sanyi. Ta zauna a gado, ta cire takalman nan biyu da ba su san juna ba. Sai ta ce, ko kallon Saratu ba ta yi ba, "Matarmu, ɗebo mini ruwa."

Saratu ta yunƙura. Na ga ta kai rabin tashi, ta tsaya a haka. Sannan ta koma ta zauna, ta miƙa hannu ta ɗaga wayar gefen gado, ta ce, "Don Allah a kawo ruwa mai sanyi ɗakin nan."

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa, ga ruwa a kan tire da kofi biyu. Yaya ta sha, ta dubi wayar.

"Haka kawai? Ko me ka ce?"

Saratu ta ce, "Haka suka ce."

"Ba ni in gwada." Ta ɗaga, ta gaishe da yarinyar, ta tambayi iyayenta da garinsu, sannan ta ce a kawo shayi da madara mai yawa. Ta ajiye, ta jingina da matashi. Tun aurenta take Kaduna, ashe ita ma ba ta taɓa shiga irin wannan ɗakin ba.

Ta ce, "Ishaya, an gyara ɗakin baƙi a Romi. Ba za a ce an gyara ɗaki a gidana ba wanda ya kwana a ciki. Kuma matan nan ba za su watse ba sai sun ga ɗaya daga cikinku da idonsu. Ɗauki saƙon Mama ka tafi."

Na ce, "Mama ta ce hannu da hannu."

Ta miƙo hannu, na ciro ƙullin daga taga na ɗora mata, ta mayar mini. "Na karɓa. Yanzu ni na aike ka."

Na dubi Saratu ko za ta ce wani abu. Tana nazarin silin kamar za a yi mata jarrabawa a kansa.

A Romi matan zumunta suka zagaye ni da guɗa, suka sa ni a tsakiya, aka yi waƙar godiya, kowace ta taɓa ni don ta tabbatar. Addu'a tana sa yunwa, sun cinye tukunyar da aka dafa dominmu har da ƙanzo. Da suka watse kafin magariba, sai ya rage ni da Baban Dogara, mijin Yaya, yana zaune da gwiwarsa a kan kujera, da tulin kwanuka a kicin har bakin taga.

Ya ce, "Suruki, in Rifkatu ta dawo ta tarar da wannan, da ni da kai gara a ce da gaske sace mu aka yi."

Na naɗe hannun riga na shiga. Gidan da na zauna a cikinsa ina saurayi, amma na rasa inda ake ajiye soso. Na duba bayan ƙofa, na duba ƙarƙashin tebur, na buɗe kowace roba. Da na gaji na kira Saratu. Ta daɗe ba ta ɗaga ba. Da ta ɗaga, na ji talabijin da dariyar Yaya, da ƙarar cokali a kan faranti.

Na ce, "Maman Jummai, a ina Yaya take ajiye soso da sabulu?"

Ta ce, "Wallahi ban sani ba, Malam. Ni baƙuwa ce a garin nan."